Kaset Ɗin Tabawa a Garejin Malam Nomau

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don wannan labarin da alƙalanci a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalan.

A Funtuwa an yi wani dattijo, Malam Nomau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda garejinsa ya yi suna har yara suna kwatancen hanya da shi. Gareji ne na mota ɗaya, amma shekara talatin da takwas babu wanda ya ga motar. Idan aka ɗaga ƙofa, sai ka ga kaya tun daga ƙasa har rufi: kwalaye, matattun rediyoyi, keken ɗinki marar ƙafa, fitilun kwai, tayoyi, gadajen ƙarfe, tulin jaridu da suka manne suka zama kamar bulo. Ni da idona na gani, kuma wallahi sai da na ce tabarakallah. Ko murfin kwalba ya tsinta a hanya, sai ya sa a aljihu. Mutane suna ce masa marowaci, shi kuwa sai ya yi murmushi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da yake aiki a Fatakwal, matarsa Tabawa takan ɗauki muryarta a kaset ta aika masa ta hannun direbobi, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Na ƙarshe ya iso tare da labarin cewa naƙuda ta zo mata da gardama. Ya shiga motarsa Fijo ya kamo hanya, amma ko da ya iso an riga an kai ta makwancinta, ta bar jaririya. Cikin ruɗewar kwanakin nan mata suka ɗaure kayan ɗakinta aka jibge a gareji, a kan motar da gefenta. Da hankalinsa ya dawo ya nemi kaset ɗin, ya rasa. Ya ɗauka yana cikin ɗaya daga kwalayen. Tun daga ranar ya kasa zubar da komai, don tsoron kada ya zubar da ita, har riƙon ya zame masa jiki. Ina dattijo zai buɗe baki ya ce wa 'ya'yansa yana kewar muryar uwarsu? Kunya ta ɗaure masa harshe.

Tsufa ya zo. Gwiwa ta ƙi matakala, bangon garejin ya tsage, damina tana tafe. 'Ya'yansa uku suka gina masa ɗaki biyu kusa da masallaci, suka yi lallashi har suka gaji, ya ce ba inda za shi. Abin da ke cinsa kuwa shi ne wata safiya ya nemi muryar Tabawa a cikin kansa bai same ta ba. Fuskar tana nan, muryar ta tafi. Ya daina cin abinci sosai, ya rame. Ya san idan rufin nan ya faɗi, abin da ya rage masa nata ya tafi ke nan.

Lantana ce ya faɗa wa, autar da aka haifa ranar rasuwar, don da ita kaɗai yake wasa. Ta tsare shi da kokon fura.

"Baba, ko dai ka sha, ko ka gaya mini me kake gadi a garejin nan."

Ya karɓi kokon ya ajiye gefe. "Uwarki ce a ciki," ya ce, sannan ya ba ta labarin kaset.

Lantana ta kira yayarsu Hansai, 'yar fari, wadda ke aure a Gusau. Kun san al'adarmu da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi. Da Hansai ta ji labarin kaset ɗin a waya, sai ta fashe da kuka. Tana da shekara bakwai ranar da uban ya dawo. Ta ji muryar Inna tana fitowa daga cikin mota, ta ruga a guje tana murna an dawo da ita, sai ya kashe mota, muryar ta yanke. Shekara talatin da takwas tana riƙe da wannan, ba ta faɗa wa kowa ba. Shi ya san abin da ya ɓata, ita ta san inda yake, kunya ta hana su haɗa magana. Kaset ɗin bai taɓa shiga kwali ba, yana cikin rediyon motar. Ba don Hansai ba, da sai a tone kwali ɗari a tashi a banza.

Sai Shekarau, na tsakiya, wanda magini ne. Ya zo ya leƙa, ya hana kowa taɓa ko tsinke. Gara ta cinye katakon rufin tun tuni, ashe tarkacen Malam Nomau ne ke ɗauke da rufin! Wanda duk ya zare kwali ɗaya ba bisa tsari ba, rufi zai sauko kan motar da kansa. Shekarau ya ajiye aikinsa, ya kawo azara. Ya cire kaya taku ɗaya, ya tokare, ya ƙara taku ɗaya, ya tokare, shi kaɗai a ciki, don ya ce ba zai sa ran ɗan wani cikin haɗari ba. Kunama ta harbe shi sau biyu. A kwana na goma sha uku hancin mota ya bayyana, aka ɗaura igiya, unguwa ta taru aka ja. Motar tana fita da kamar tsawon tabarma, rufin ya rufta. Mutane suka yi ta kabbara, Malam Nomau yana zaune a kujera yana kallon motarsa. Ba don Shekarau ba, da sanin Hansai bai amfana komai ba.

Da aka zaro kaset ɗin, sai murna ta koma ciki. Zaren ya cukurkuɗe, ya yi fumfuna, ya tsinke wuri shida. Masu gyaran rediyo biyu suka duba suka girgiza kai. Lantana mai ɗinkin hula ce, idonta da hannunta sun saba da abin da ya fi wannan siranta. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta warware zaren da bakin allura, ta goge shi da auduga kaɗan kaɗan, ta yanka salatif siriri ta haɗa kowace tsinka, ta naɗe da biro. Kwana tara ta yi, har idonta ya kumbura, tana gyaran muryar da ba ta taɓa ji ba. Ba don Lantana ba, da roba kawai aka tono.

Rediyon da za a sa kuwa, Malam Nomau da kansa ya haɗa shi daga matattun rediyoyi goma sha bakwai da aka fitar, yana hararar 'ya'yansa. "Kun ce tarkace ne," ya ce.

Ya danna. Aka ji shuuu, sai murya ta fito, siririya, mai dariya a ciki. Ta gaishe shi, ta ce yarinyar nan ta fara zuwa makaranta, Shekarau ya yi ƙiba, na cikin ma yana ta motsi. Sannan ta ce: "Malam, don Allah in za ka dawo kada ka kwaso mana tarkacen nan da ka saba. Ba mu da wurin ajiyewa. Kai kaɗai muke so."

Dattijon ya yi dariya har hawaye suka jiƙa gemunsa. Washegari ya sa aka raba komai, maƙera suka kwashi ƙarfe, maƙwabta suka kwashi sauran. Ya tare a sabon ɗakinsa da darduma, da buta, da kaya kala uku, da kaset a aljihun gaba. Ya ci tuwo ranar har ya nemi ƙari.

Kowannensu ya ɗauki muryar a wayarsa, wannan ba gardama. Amma kaset ɗin guda ɗaya ne, wanda Tabawa ta riƙe da hannunta. Malam Nomau ya ce ya koyi darasi, ba zai jira a raba bayan ransa ba, yana so ya miƙa shi da hannunsa. Yau wata huɗu ke nan yana ciro shi daga aljihu yana mayarwa.

To, ku da kuka ji: Hansai da ta san inda yake, Shekarau da ya shiga ƙarƙashin rufi ya fito da shi, ko Lantana da ta mayar masa da murya, a hannun wa ya kamata ya sa shi?