Kifin Lefteris da Kujerar Inna Marigo

Akwai wani mutum a nan tsibirinmu na Kasos, Lefteris ake ce masa. Shekara ashirin ya yi a Amurka, ya dawo mana da tumbi da raini. Har yau in na tuna abin da ya yi sai raina ya ɓaci.

Jirgin saman da ke zuwar mana ɗan ƙarami ne, mai farfela biyu. Filin saukarsa gajere ne, ran da iska ta tashi kuwa dole matuƙi ya rage nauyi, ko da akwai kujerun da ba kowa. Mu a nan, tun fil azal kaya ake saukewa mutum ya hau.

Wata Talata da safe aka bugo wa Inna Marigo waya daga asibiti a Rodos. Aka ce jikin mijinta Minas ya rikice, ta zo yanzu in tana son ta same shi da rai. Shekara hamsin da ɗaya suna tare. Da silifas ɗin tsakar gida ta iso filin jirgi, ko jaka babu.

Fotini mai awon kaya ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, kujera akwai, amma nauyi ya cika. Kilo sittin nake nema Inna Marigo ta shiga."

Wani malamin makaranta ya ajiye jakarsa nan take, amma ba ta kai ko'ina ba. Sauran fasinjoji 'yan jakar hannu ne. Saura Lefteris, mai akwati uku na ɗanyen kifi cikin ƙanƙara, zai kai bikin buɗe gidan abincinsa a Rodos.

Fotini ta ce, "Yallaɓai, bar mana biyu mana, gobe in turo maka ta jirgin ruwa."

"Gobe? Kifi ne fa, yarinya, ba duwatsu ba. Tun makon jiya na kama wa kayana wuri. Taɓa su ki ga in za ki wuni a bakin aikinki."

Inna Marigo ta matso ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, Minas ne fa. Shi ya koya wa ubanka ɗinkin taru."

"Haba Inna! Baba Minas shekara uku ke nan yana mutuwa bai mutu ba. Zai jira ki."

Har da 'yar dariyarsa, wallahi. Jirgi ya tashi da kujera uku ba kowa, tsohuwa na tsaye jikin shingen waya tana kallo.

Sai washegari ta samu jirgin ruwa. Ta tarar an rufe wa Minas fuska tun jiya da la'asar.

Ran Juma'a Lefteris ya hawo jirgin dawowa, biki ya yi kyau, ya baje a kujerar baya. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ce, "Yallaɓai, ka koma gaba. An sa kaya mai nauyi a baya, sai mun daidaita jirgi."

"Duk mutanen nan ni kaɗai kika gani?"

"Kai ka fi kowa jiki."

Ya tashi yana tsaki. Kujera ɗaya ce ta rage a gaba, kusa da wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Sai da ya ɗaura bel ya ga ko wace ce.

Ƙarar farfela ba ta barin a yi raɗa a jirgin nan, don haka kowa ya ji ta.

"Ka san kayan da aka tashe ka dominsa? Minas ne. Ina tsaye aka ɗora shi kan sikeli."

"Inna, ni ban san abin ya kai..."

"Sau biyu ya kira sunana, in ji mai jinya. Kifin dai ya yi daɗi ko?"

Minti arba'in yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ita, ba wurin gudu, ba wanda ya ko dube shi.

Da aka sauka, mazan gari suka taru su ɗauki akwatin gawa. Lefteris ya kutsa ya miƙa hannu shi ma, ko ya samu ya wanke fuskarsa a idon jama'a.

Inna Marigo ta ce, "Cire hannunka, ɗana. Hannun nan naka nauyi gare shi."

Ya cire. Aka wuce da Minas aka bar shi tsaye a fili shi kaɗai.

Darasi: Kada ka taɓa ɗora kayanka da ɗan Adam a sikeli ɗaya. Kifi in ya lalace teku na nan, amma sallamar ƙarshe in ta wuce ta wuce ke nan, ban haƙuri ba ya dawo da ita. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da akwatin da ya kamata ya ajiye yau.