Takalmin Iya Ladidi

Ku matso, ku bar waige-waigen ƙofa. Takalmanku ni na kwashe na ɓoye, kuma babu mai ganin nasa sai ya ba ni amsar abin da zan tambaya.

A unguwar dukawa ta wani gari an yi wani baduku, Malam Jatau, da matarsa Iya Ladidi. Ciwon shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta gajarce ta lanƙwashe. Tun da aka kawo ta gidan, babu wanda ya ga ƙafar nan tsirara sai mijinta, ko 'ya'yan da ta haifa ba su taɓa ganinta ba. Shi yake ɗinka mata takalmi na musamman, fata kan fata, kowane falle da irin yankansa, har gajeriyar ƙafar ta kamo 'yar'uwarta. Da shi take zuwa biki da suna, tana tafe tana tsokanar mutane.

Malam Jatau ba ya zane a takarda. Bangon zaure ne allonsa, gawayi ne alƙalaminsa. Da takalmin ya tsufa sai ya warware shi, ya zana sabo a bango falle-falle. Bai kai ga yanka fatar ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mako ya zagayo an kai shi makwancinsa.

Iya ta gama takaba, amma ba ta tashi ba. In za ta kewaya sai da rarrafe, don haka ta rage ci da sha. Aka kawo dukawa, ta ja zane ta rufe ƙafar, ta juya fuska bango. Ta ce wanda ya san ƙafar ya tafi, a ƙyale ta. Matar da ake jin dariyarta daga bakin titi ta koma sai ka kasa kunne kafin ka ji numfashinta. 'Ya'yanta uku, Lantana da Sallau da Tanimu, suka gane in ba ta miƙe ba, bin mijinta za ta yi.

Lantana ce babba, ita ke jinya. Wata ranar da la'asar aka kece da ruwa, ta ji zauren yana ƙara, ta tuna zanen. Maƙwabta suna kiranta ta dawo, ta kutsa ciki da waya a hannu. Ƙasa na zuba mata a ka, ta raɓe gefe ta ɗauki hoto guda. Tana juyawa azara ta sauko mata a kafaɗa. Bangon ya rushe, ya binne tsohon takalmin, ruwa ya jiƙa shi ya murɗe. Har yau hannun Lantana na dama ba ya ɗaguwa sama da kunnenta.

Sallau, na tsakiya, yana aiki a wani shago mai injin leza, wanda ke yanka katako da fata da zaren haske mai ƙuna. Ya sa hoton a kwamfuta, ya bi layin gawayin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana share ido. Ya tura wa injin, injin ya yanko masa takalmin da ko ɗan tsako ba zai sa ba. Ashe shi Sallau da inci ya zana, injin kuwa da milimita ya karanta. Ya gyara wannan, ya sake yankawa. Wannan karon ya fito da girma, amma gaba ya buɗe kamar faranti, dunduniya ta tsuke. Sai ya gane matsalar: a karkace Lantana ta riƙe wayar, kuma babu abin awo a cikin hoton, ita kwamfuta ba ta san ko zanen ya kai ƙofa ko bai wuce cokali ba. Ya yi ta gwadawa, kirgin da Malam ya bari, wato jemammiyar fatarsa, yana ƙarewa. Mai shagon ya gaji da warin ƙonanniyar fata da aikin mutane da ya tsaya, ya ce ya zaɓa, ko aikin shago ko takalmin. Sallau ya roƙi a bar shi ya yi yanka ɗaya na ƙarshe, daga nan ya ajiye makulli.

Tanimu, autansu, direban tifa ne a kudu. Da rigima ya bar gida, bayan ya jefar da basilla, allurar ɗinkin fata, a gaban mahaifinsa ya rantse ba zai ƙara taɓa fata ba. Ko jana'iza bai samu ba. Da ya ji halin da ake ciki ya ajiye motar ya taho. Ya tsaya bayan Sallau yana kallon hoton, sai ya nuna wasu baƙaƙen tabo biyu, ɗaya a ƙasan zanen, ɗaya a sama.

"Yaya, wannan ai hannun Baba ne. Nan yake dafawa da gawayi a hannu in zai zauna, can kuma in zai tashi."

Sallau ya ce ya gani, amma hannun yana kabari, da me za a auna?

Tanimu ya shimfiɗa tafinsa a kan tebur. Ya ce ranar da suka rabu, Baba ya kama hannun nan ya haɗa da nasa, yatsa kan yatsa, babu wanda ya ɗara wani, ya ce masa, "Allah ya ba ka hannuna, ka ce sitiyari za ka riƙe da shi."

Sallau ya yi ta jan hoton yana miƙar da shi har tabon sama da na ƙasa suka zama girma ɗaya, karkatar ta fita. Sannan ya auna tafin Tanimu daga wuyan hannu zuwa kan doguwar yatsa, ya faɗa wa kwamfuta cewa tsawon tabon ke nan. Ya duba milimita sau biyu, ya shimfiɗa ragowar kirgin, ya danna. Injin yana yanka, amma ba ya ɗinki. Tanimu ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ɗauki basillar da ya jefar, ya zauna a kan ɓaraguzan zauren ya haɗa fallayen.

Suka tura takalmin ta ƙarƙashin labule, suka koma tsakar gida suka zauna. Lantana ta fara kuka. Can sai labulen ya motsa, ga Iya a tsaye, ta rame kamar kara. Ta tako har inda zauren yake a da, ta daɗe tana kallon wurin. Da ta juyo sai ta ce wa Tanimu ɗinkinsa ya karkace a dunduniya, ubansa ma haka yake yi, sannan ta tambaya ko akwai sauran tuwo.

Ta yi damina da kaka tana yawonta. Ta je sunan jikar ƙawarta, ta tsokani kowa. Da sanyi ya shigo ta kwanta, wannan karon ba don ƙafa ba. Ranar da za ta cika, su ukun suna gefenta, ta nuna takalmin da ke ƙarƙashin gado.

"Kada ku sa shi cikin rabon gado. Ku ba wanda ya tashe ni tsaye."

Ba ta faɗi suna ba, kuma ba ta ƙara magana ba.

Ƙafa ɗaya ce tak, ta hagu, ba ta shiga kowa a duniya, ba ta kuma rabuwa uku. Lantana ta dafa kafaɗarta da azara ta daka. Sallau, wanda har yanzu bai sami wani aikin ba, ya sunkuyar da kai. Tanimu yana kallon tafin hannunsa. Da babu hoton, da babu abin zanawa. Da babu mai gyara awon, da hoton ya zauna a waya. Da babu hannun, da awon bai samu ba. Takalmin yana nan a ɗakinta, an ja ƙofa, babu wanda ya iya miƙa hannu ya ɗauka a gaban sauran.

To, ku da kuke zaune ƙafa ba takalmi, ku faɗa mini: a cikin su ukun, wa ya tashe ta tsaye?