Jakin da Ya Girma a Turke

Akwai wani manomi wanda gonarsa take bayan dutse, inda amalanke ba ya iya zuwa. Kowace kaka a bayan jaki yake sauko da dawarsa, dami biyu-biyu, ta wata siririyar hanya mai tsakuwa.

Mutumin nan ya taɓa yin wauta. Ya ɗora wa wani ɗan jaki kaya tun bai yi ƙwari ba, gwiwoyinsa suka kumbura, ya gurgunce. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Da uwar jakin ta sake haihuwa, sai ya ce, "Wannan kam, ko ƙaya ba za ta taɓa shi ba."

Ya kafa masa turke a ƙarƙashin rumfa, ya zuba yashi mai laushi, ciyawa da dusa har gabansa. In uwar ta kama hanyar dutse, ɗan ya yi ta kuka yana fizgar igiya, manomin kuwa sai ya ƙara tamke ɗaurin. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Yana da maƙwabci, wani tsohon mahauci. Wata rana tsohon ya kira shi, ya ajiye ƙasusuwan gwiwa biyu a kan faifai.

"Ɗana, sa farcenka a nan. Na ɗan akuya ne."

Manomin ya danna guringuntsin da ke kan ƙashin, ya ji shi da kauri da taushi, farce yana shiga.

"To, taɓa na uwarsa."

Wannan siriri ne, mai santsi da tauri, farce bai yi masa kome ba.

Tsohon ya ce, "Shekara arba'in ina fawa, ban ga dusa ta mai da wancan ya zama wannan ba. Tafiya ce take yi, kaɗan-kaɗan. Ka kwance jakin nan ya bi uwarsa, ba kaya, ya yi tsalle-tsallensa."

Manomin ya ce, "Baba, na gode. Amma ni na san abin da na gani." Ya koma gida ya ƙara wa jakin dusa.

A shekara ta uku uwar ta mutu, ga dawa ta yi kyau irin wadda bai taɓa samu ba. Dammuna suna jibge a gona, abincin gidansa na shekara ke nan, gara kuwa ta fara hawansu. Ya kwance jakinsa, ƙato, jiki sai sheƙi, ya ja shi zuwa gona. Tun a hawa ƙafafun jakin suke rawa. Da ya ɗora masa dami biyu suka fara gangara, ba su yi nisa ba jakin ya durƙusa. Ya tashe shi, ya sake durƙusawa, gwiwoyi sun kumbura kamar na wansa.

Mutumin ya zauna a kan dutse, baƙin ciki ya cika shi. Na fari ya lalata shi da gaggawa, na biyu da tausayi. Ya sauke dammunan ya aza ɗaya a kansa, yana gaba, jakin yana ɗingishi a baya ba kome a gadon bayansa. Kafin ya kwashe rabin dawar da kansa, gara ta gama da sauran.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan mu ne, iyaye da dattawan ikkilisiya. Jakin shi ne 'ya'yanmu da sababbin masu bi. Bangaskiya takan fara da taushi kamar guringuntsin ɗan akuya, don haka kada mu aza mata abin da ya fi ƙarfinta. Amma ba ta yin ƙwari a turke. Ubangiji yakan ƙarfafa ta ta wurin ƙananan ayyuka: ka bar 'yarka ta yi addu'a ko da tana in'ina, ka tafi da ɗanka gaida marar lafiya, ka ba sabon mai bi karatu a sujada ko zai yi tuntuɓe.

Waɗansunmu kullum cewa muke, "Ai ba su isa ba tukuna." Yaushe za su isa, igiyar tana hannunmu? Ranar kaya tana zuwa. Wanda bai kwance jakinsa yau ba, ran nan shi zai ɗauki damin a kansa.