Randar Gida da Rijiyar Gari

Akwai wani mutum, magidanci, a wani ƙauye mai rijiya ɗaya tak. Mai ƙasar ne ya haƙa ta da kansa, ya ce kowa ya sha kyauta. Da zai yi tafiya, ya sa wani mutum tsaronta, ya danƙa masa guga, ya ce, "Ka kula da ita, ka shayar da mutanena."

Da fari mai tsaron ya yi aikinsa da aminci. Yakan share bakin rijiya, ya kori awaki, ya ja wa tsofaffi ruwa. Ana nan sai wani gida suka bar randarsu ba wanki, cikinsu ya ɓaci, suka bi gari suna cewa ruwan rijiya ne. Abin ya ƙona wa mai tsaron rai, kuma da gaskiyarsa. Amma maimakon ya je ya nuna musu wankin randa, sai ya kafa doka: ba mai taɓa guga sai shi, ba kuma mai kai ruwa gida. Duk mai jin ƙishi ya zo bakin rijiya ya sha daga hannunsa. Kun san halin ɗan Adam in ya ɗanɗani girma. Kafin a jima, sai wanda ya durƙusa ya gaishe shi ake fara ja wa, har yara suka laƙaba masa Sarkin Guga, shi kuwa sunan ya yi masa daɗi.

To, magidancin nan yana da tsohuwa, mahaifiyarsa, wadda ƙafa ta ƙi ta, ko zaure ba ta iya kaiwa. Ya ɗauki tulu ya je ya ce, "Malam, na Inna ne. Ka san ba ta tafiya."

Mai tsaron ya ce, "Doka doka ce. Ka goyo ta."

Magidancin ya ɗauki tulunsa. Ya juya da shi wayam, zuciyarsa na tafasa, ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka bakin rijiyar nan ba. Damina ce a lokacin. Ya kafa babbar randa a gindin indararo, ta cika fal, ya jawo ta inuwar ɗorawa a tsakar gida. Ruwan ya yi sanyi, ya yi daɗi. Maƙwabta da suka gaji da durƙuso suka fara zuwa, su sha, su zauna a yi hira, a tambayi lafiyar Inna. Ba babba ba yaro, moɗa ɗaya ke zagawa. Gaskiya zaman ya yi albarka, ba mai musun wannan. Magidancin ya riƙa cewa, "Ina ruwanmu da rijiya? Ga randa."

Amma randa ba ta da idon ruwa. Abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Damina ta wuce, rani ya kama, moɗa ta fara karce gindin randa. Matarsa ta ce, "Maigida, ruwa fa ya ja baya."

Ya ce, "A ɗebo na kududdufi."

Aka ɗebo. Kai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago! Ruwan da shanu ke tsayawa a ciki, shi aka kawo wa tsohuwa. Yara suka kama ciwon ciki. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai, daga nan ko an kawo moɗa sai ta rufe baki. Leɓunanta suka bushe, muryarta ta dushe. Wata safiya ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, da mai guga kuka yi faɗa. Me rijiya ta yi maka?"

Maganar ta soke shi. Ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji tsoro, gama ya ga in aka ƙara kwanaki a haka zai binne uwarsa saboda rantsuwarsa. Ya tashi ya ɗauki tulu, ya ce yau ko da kokawa sai ya kawo ruwa.

Da ya isa, bai tarar da layi ba, bai kuma tarar da sarki ba. Ya tarar da mai tsaron shi kaɗai zaune a bakin rijiya, da igiya ɗaure a ƙugu, da kwando a gefe. Ashe da mutane suka daina zuwa, laka ta taru ta toshe idon ruwa, guga sai taɓo yake fitarwa. Rijiya tana bukatar yasa. Yasar rijiya kuwa, kowa ya sani, ba aikin mutum ɗaya ba ne: ɗaya yakan sauka ya kwashe laka, sauran su riƙe masa igiya, su riƙa jawo kwando. Mai tsaron ya ɗaura igiya, amma duk masu riƙe masa ya kore su da dokarsa.

Ya ɗaga kai ya ce, "Dariya ka zo yi mini?"

Magidancin ya ajiye tulu ya ce, "Igiya na zo riƙewa. Jira ni."

Ya koma ya bi maƙwabtansa gida-gida. Waɗansu suka ce, "A bar shi ya ji a jikinsa. Ba shi ne sarki ba?"

Ya ce, "Rijiyar ta ubansa ce? Ta mai ƙasa ce, tamu ce. In ta mutu, da mu ta mutu. Ni dai zan riƙe, ko ni kaɗai ne."

Ya juya ya tafi bai waiwaya ba, suka bi shi. Suka kama igiya, mai tsaron ya sauka cikin duhu, ransa a hannun mutanen da ya sa durƙuso. Igiya ta ci tafin magidancin har ya yi jini, bai saki ba. Kwando na fita da laka, kwando na komawa, har rana ta take. Can sai murya ta taso daga ƙasa, "Ya ɓalle! Ruwa ya ɓalle!"

Da suka jawo shi, taɓo har gira, ba mai cewa sarki ne. Suka jira ruwa ya kwanta. Sa'an nan mai tsaron ya ɗauki guga ya miƙa wa magidancin ya ce, "Ja." Da tulu ya cika, shi da kansa ya saɓa a kafaɗa har ɗakin Inna, ya durƙusa ya ba ta ta sha. Da zai fita, magidancin ya tare shi ya ce, "Malam, leƙa mini randar nan." Ya leƙa, sai ga gansakuka ta yi kore a gindinta, masu gida ba su taɓa lura ba. Suka kifar da ita, suka wanke tare.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai ƙasa shi ne Ubangijinmu Yesu Almasihu, ruwan kuwa Maganarsa ce. Rijiya ita ce taron ikkilisiya, randa kuma sujadar da ake yi a gida. Mai tsaro shi ne fasto, ko dattijo, ko duk wanda aka danƙa wa garke.

Ku shugabanni, ku ji da kyau. Guga aka ba ku, ba rijiya ba. Wanda ya ce ba a addu'a sai yana wurin, ba a buɗe Maganar Allah a zaure sai da izininsa, ya ɗauki abin da ba nasa ba. Akwai tsofaffi da marasa lafiya da ba za su iya zuwa majami'a ba, akwai ma waɗanda tsoro ya hana. Za a bar su da ƙishi don kada wani ya taɓa guganku? Masu bi na fari suna taruwa a Haikali, suna kuma taruwa gida-gida, ba wanda ya ce ɗaya ta kashe ɗaya.

Ku kuma da kuka yi fushi kuka koma gida, ban ce ƙarya kuke yi ba. An ɓata muku rai, na sani. Ku riƙe randarku, kada kowa ya fasa muku ita. Amma ku faɗa mini, daga ina kuke cika ta? Taron da ya yanke kansa daga 'yan'uwa, wanda ba mai leƙa shi balle ya tsauta masa, in rani ya zo duk koyarwar da ta zo wucewa ita zai ɗiba, yaransa ne kuma za su fara sha.

Kada ku ce sai fasto ya zo ya ba ku haƙuri tukuna. Magidancin nan bai jira ba, don uwarsa ce ke mutuwa. Mai yiwuwa wanda kuke fushi da shi yana zaune yanzu haka da igiya a ƙugu, girman kai ya hana shi kira. Ku tashi ku je ku riƙe masa. Mai ƙasa yana dawowa, ba kuwa zai tambayi wanda ya yi nasara a gardama ba. Zai tambaya ko Inna ta sha ruwa.