Cakansamin Luba

A duk 'yan matan da muka taso tare a unguwar Yelwa ta Garwa, babu wadda Allah ya ba ƙafar rawa kamar Luba, 'yar Malam Jafaru mahauci. Ba don ƙawata ce nake faɗa ba, ko wanda ba ya shiri da ita ya san haka. Yarinya ce siririya mai fara'a, ga kyauta, don da wuya ta zo makaranta ba ta ƙunso mana kilishin babanta a takarda ba. Aibinta ɗaya ne: ba ta jure a yabe ta tare da wani. In aka ce "kun yi ƙoƙari," sai ta sha mur. Ita so take a ce "Luba ta yi ƙoƙari."

Ni sunana Zahra, kuma a bayanta nake tsayawa a layin rawa. Mu goma sha biyu ne, duk 'yan ajin ƙarshe na firamare. Malamarmu Madam Solange ce ta haɗa mu. Mutuniyar kudu ce, Hausarta a karkace take, amma in ta daka tsawa ba ka buƙatar tafinta. Kowace Laraba da la'asar muna haɗuwa a gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, mu cire takalma, mu ɗaure zane tamau. Ban taɓa jin daɗin wata rana a rayuwata kamar waɗannan Larabobin ba. Mukan yi rawa har zufa ta jiƙe mu, mu zube a ƙasa muna haki muna dariya, sannan mu bi mai alawar ƙanƙara da gudu.

Makaɗinmu Baba Ishaku ne, dattijo mai barkwanci wanda yanar ido ta rufe masa gani tun kafin a haife mu. Da kunne yake ganin rawarmu. Kowacenmu tana ɗaura cakansami a idon sawu, wato 'yan ƙananan jakunkunan kaba da muke saƙawa da hannunmu, mu zuba tsakuwa a ciki, mu jera su a igiya. In ka taka sai su ce cas, cas. Daga wannan ƙarar Baba Ishaku yake sanin wadda ta yi latti da wadda ta yi gaggawa, har ya kira sunanta.

"Zahra, ƙafarki ta hagu barci take yi ne? Tashe ta mana!"

Ranar da muka je bakin kogin Binuwai tsintar tsakuwa ma sai da ya bi mu a bayan babur. Ya zauna a kan yashi, kowa ta kawo nata ya girgiza a kunnensa. Wasu ya ce "boɗɗum," wato sun yi, wasu ya watsar ya ce a sake. Mun ci soyayyen kifi a wurin matan masunta, mun hango dorina can tsakiyar ruwa, Madam ta yi ihu ta fi mu gudu. Mun yi wata guda muna kwaikwayon gudun nan a ɓoye.

Dokoki biyu gare mu. Ta farko, ranar rawa da safe kowa ta yayyafa wa cakansaminta ruwa, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma har lokacin ɗaurawa. Kaba in ta sha ruwa takan yi laushi, ba ta karyewa, kuma ƙarar kowa takan zo daidai da ta 'yar'uwarta. Ta biyu, a tsakiyar rawa akwai wurin da duk za mu tsaya cak, hannuwa a sama, ta gaba ita kaɗai ta buga ƙafar dama sau uku. Wannan bugun shi ne alamar da Baba Ishaku yake jira ya juya kiɗa zuwa mai sauri, na ƙarshe. In bai ji ba, ba zai juya ba. Ta gaba kuwa, ba sai na faɗa ba, Luba ce.

Can a layin baya akwai Mas'uda. Daga garin Bibemi aka kawo ta wurin gwaggonta don karatu. Kakkaura ce, mai nauyin ƙafa, ba ta da yawan magana. In ta taka ƙasa sai ka ji har a ƙirjinka, shi ya sa Luba ta laƙaba mata Turmi.

"Ke Turmi, a hankali mana, kar ki fasa mana filin makaranta!"

Mu kuma, Allah ya yafe mana, sai mu kwashe da dariya. Mas'uda takan yi murmushi kawai ta gyara ɗaurin zanenta.

A farkon watan Fabrairu na shekarar aka shirya gasa tsakanin makarantu shida. Wadda ta zo ta ɗaya ita za ta yi rawa a babban fili ranar bikin matasa, gaban manyan baƙi da duk mutanen gari. Makarantarmu ba ta taɓa samun wannan ba, kuma mu wannan ce damarmu ta ƙarshe, don da damina za mu gama firamare kowa ta kama gabanta. Ba mu da wata hira sai ta babban fili. Kowa ya ce mu ne za mu ci, har 'yan sauran makarantun.

Saura kwana huɗu, muna dawowa gida, Luba ta ja ni gefe.

"Zahra, kin san wani abu? Busasshen cakansami ya fi ƙara. Rannan na manta ban jiƙa ɗaya ba, wallahi ƙararsa har bakin titi."

"To, sai me?"

"Sai me? Mu goma sha biyu, zane iri ɗaya, ƙara iri ɗaya. Ta yaya alƙalai za su san wacece Luba? A kan kwanon ɗakinmu zan shanya nawa har ranar."

"Madam fa? Ai tana duba tsumma."

"Tsumma take dubawa, ba cikinsa ba."

Na san ba daidai ba ne. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta miƙo mini kilishi mai yawan ƙuli, irin wanda nake so. Na karɓa, na cika bakina da shi. Iyakar abin da aka saye ni da shi ke nan, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar gasa, tun ƙarfe tara filin ya cika. Malam Jafaru, wanda ko zazzaɓi ba ya hana shi fita kasuwa, ya rufe teburinsa ya zo da abokan sana'arsa huɗu, sun sha manyan riguna. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gaya masa cewa ta gaban nan 'yarsa ce. Madam ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana taɓa tsumma. Na Luba a jiƙe yake sharkaf. Abin da Madam ba ta sani ba, cakansamin yana cikin leda, ledar ce aka naɗe da tsumman.

"Ale, ale, maza-maza, kowa wurinta!" in ji Madam. "Yau ba wasa!"

Muka hau dandamalin siminti, Baba Ishaku ya saki kiɗa. Kai, mun yi rawa! Layi ya buɗe ya rufe, muka zaga, muka durƙusa muka miƙe tamkar mutum ɗaya. Mata suka yi ta rangaɗa guɗa. Ƙarar ƙafar Luba kuwa ta hau kan ta kowa, tsai-tsai, har mutane suka fara nuna ta da yatsa. Na hango gefen fuskarta, baki har kunne. Na kuma hango Baba Ishaku ya karkatar da kai, ya ɗaure fuska, amma hannunsa bai tsaya ba.

A wurin juyi na uku abin ya faru. Luba ta yi tsalle ta dira, sai cakansamin hagu ya tarwatse. Kafin ta ankara, na dama ma ya bi shi. Tsakuwar Binuwai ta watsu a kan siminti, mu kuma ba takalmi. Ni ce na fara takawa. Wanda bai taɓa dira da dunduniya a kan tsakuwa ba, ba zai gane ba. Nan da nan layi ya hargitse, wannan tana ɗingishi, waccan tana tsalle da ƙafa ɗaya. Da farko 'yan kallo sun ɗauka sabon salo ne, har wasu suka tafa. Da suka gane, sai dariya ta ɓarke.

Duk da haka muka daure har wurin tsayawa. Muka tsaya cak, hannuwa a sama. Luba ta buga ƙafar dama sau uku. Babu abin da ya fito, tafin ƙafa ne kawai a kan siminti. Baba Ishaku ya ci gaba da kiɗansa yana jira. Ta sake bugawa da ƙarfi, shiru. Ga mu a tsaye kamar an shanya mu, hannuwa sun fara rawa don gajiya, dariya tana ƙaruwa. Luba ta juyo ta dube ni, idonta cike da hawaye. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Sai na ji takun nan mai nauyi daga baya. Mas'uda ce ta fito daga layinta, tana tafe tana bin kiɗa kamar dama haka aka tsara. Da ta so, tana iya tsayawa a gaba ta buga sau uku da kanta, kowa ya ga ita ta ceci rawar. Ba ta yi haka ba. Ta durƙusa a gaban Luba, ta kwance nata cakansamin na ƙafar dama, ta ɗaura wa Luba.

"Buga," ta ce a hankali. "Baba yana jiranki."

Luba ta buga. Cas, cas, cas. Kiɗa ya juya, Mas'uda ta koma layin baya da ƙafa ɗaya ba ƙara, muka ƙarasa rawar a kan tsakuwa muna cije leɓe. Tafin da aka yi mana ya fi na kowa, amma alƙalai ba tafi suke ƙirgawa ba. Mu muka zo na uku.

Muka koma bayan dandamali. Madam Solange, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta zauna a kan benci ta yi tagumi. Wannan tagumin nata ya fi mana bulala ciwo. Baba Ishaku ya ce a miƙo masa guntun cakansamin. Ya murza shi da yatsu biyu, ya zama gari.

"Wannan kaba ta yi kwana uku a rana," in ji shi. "Tun bugun farko na ji. Luba, jikata, wa ya ce miki ba a jin ki? Ni da ba ni da ido, kullum ina jin ki."

Luba ta fashe da kuka, ta faɗi komai, har ledar. Ni ma na matso na ce na sani tun farko na yi shiru. Madam ta tambaye ni dalili, na ce kilishi. Duk da baƙin cikin da ake ciki, sai da Baba Ishaku ya yi dariya har da tari.

Malam Jafaru ya iso, ya tsaya ya dubi 'yarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Na rufe tebur don in zo in yi alfahari da 'yata," ya ce, "sai ga shi da 'yar wani zan koma ina alfahari. Ina yarinyar nan? Zo nan, 'yata. Useko, na gode, Allah ya yi miki albarka."

Da la'asar ya tara mu duka a ƙofar gidansa ya gasa mana tsire, ya zaɓi tsinke mafi kitse ya ba Mas'uda da hannunsa. Luba ce ta kawo mata ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ce, "Mas'uda, ki yafe mini." Ranar ce na fara jin sunan nan a bakinta.

Ranar bikin matasa muna cikin 'yan kallo, a bayan igiya, rana tana dukanmu. Muka ga 'yan wata makaranta suna rawa a babban filin da muka yi wata da watanni muna mafarkinsa. Wallahi ba su kai mu ba. Luba ta kalla har ƙarshe, tana riƙe da hannun Mas'uda. Da damina muka gama makaranta, kuma mu goma sha biyun nan ba mu sake hawa dandamali tare ba.

Yau shekara goma sha biyar ke nan. Baba Ishaku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mas'uda tana aikin jinya a Bibemi, kuma a bikinta da muka tashi taka rawa, Luba da kanta ta koma layin baya. Ni ina ɗinki a Yelwa. Luba kuwa ita ce yanzu take koya wa yara rawa a gindin darbejiyar nan kowace Laraba, kuma yaranta sun hau babban fili har sau biyu. In na kai musu kayan da na ɗinka, nakan tarar da ita tana warware tsumman kowace yarinya har ciki, tana dubawa. Rannan wata ƙarama ta tambaye ta, "Anti, me kike nema a ciki?" Luba ta dube ni, na dube ta, muka yi ta dariya har yaran suka ɗauka mun zautu. Da ta share hawayen dariyar sai ta ce, "Leda nake nema. Ku zauna in ba ku labari."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk baiwar da Allah ya ba ka, in aikin na taro ne, kada son a gan ka kai kaɗai ya sa ka karya dokar da ta haɗa ku. Luba ta fi kowa iyawa, kuma kowa ya riga ya sani, amma don neman ƙarin yabo ta jawo wa mutum goma sha biyu asarar abin da ba su sake samu ba. Kada kuma ka raina na layin baya, don wataƙila shi zai durƙusa ya ɗaga ka ranar da ka faɗi. Kai kuma da ka ga abokinka zai yi kuskure, ka gaya masa gaskiya tun da wuri, kada ka bari a toshe maka baki da abin daɗi kamar yadda aka yi mini.