Sandar Rawar Barmo

Ga ta nan ga ta nanku, in kun tashi daga kan rigata.

Ta zo mu ji ta, Baffa!

Wani mutum ne wai shi Barmo, mai son a kalle shi. Ran nan sai ya faɗi gaban Mai Unguwa yana birgima.

"Ranka ya daɗe, an kashe ni! Tun da aka yi duniya ba a taɓa zaluntar ɗan Adam haka ba."

"Wa ya mutu?"

"Mangwarona. Da shi nake ci da iyali. Kowa na shan nasa, nawa ko ƙwallo ɗaya bai yi ba. Iska ce ta cuce ni!"

Sai aka kira Iska. Ta ce, "Na biyo ta wajen, ban tarar da abin kaɗawa ba."

Barmo ya ce, "To Jemage ne!"

Sai aka kira Jemage. Ya ce, "Na je da yunwata, na dawo da abata."

"To Ƙudan Zuma ne!"

Sai aka kira Ƙudan Zuma. Ya ce, "Ni ma ƙara na kawo. Na zo shan fure, sai na tarar furen yana rawa a dandali bisa sanda. Haushi ya sa na harbi mai sandar a hanci."

Barmo ya shafa hanci, ya kalli sama.

Mai Unguwa ya ce, "Wace sanda?"

Sai Tabawa matar Barmo ta leƙo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wani falke ne ya ba Maigida labari, wai mutanen ƙasar Girka na dā da sanda suke rawar biki, a naɗe ta da ganye, a yi mata kai. Sai ya saro gora, ya naɗe ta da yaɗiya, ya ɗaura mata dami guda na furen mangwaro. Mata suka rangaɗa guɗa. Shi ke nan fa! Kowane biki sai sabon fure, har bishiya ta yi sanƙo."

Barmo ya ce, "Amma na yi kyau ko ban yi ba?"

"Ka yi, Maigida. Sai mu dafa kyan mu ci."

Barmo ya miƙe, ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an kama ɓarawon. Dattijo ne kyakkyawa, ga iya rawa, a yi masa sassauci. Ni ne."

Ƙurunƙus kan kusu. Wanda ya yi ado da fure, kada ya riƙe kwando ranar tsinka.