Jesin da Kudus Ya Tsinta a Injin Wanki

Jama'ar wannan shafi, na rantse ba za ku yarda da labarin nan ba. Ni kaina da a bakin wani na ji shi, da na ce ya ƙara gishiri. Amma ku gyara zama.

Akwai wani saurayi ana ce masa Kudus, ɗan zangon Kumasi, mazaunin Highbridge a cikin Bronx. Aiki yake a wani gidan wanki da ke kan tudu, irin wanda kowa ke zuwa ya zuba kayansa a inji. Makaranta tun a aji biyu na sakandare ya yi mata sallama, amma in ya buɗe baki, ko lauya sai ya nemi kujera ya zauna.

Duk Lahadi bayan azahar, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya na unguwar suna haɗuwa a fili su buga ƙwallo. Sunan ƙungiyar Taurarin Zango. Kyaftin kuwa Kudus ne, shekara biyu cur ƙyallen kyaftin yana ɗaure a damtsensa. Kada ku ɗauka ya fi kowa iyawa. Wata riga ce ta ba shi.

Ga yadda aka yi. Wata rana yana duba injinan busar da kaya, sai ya ga wata jar jesi da aka manta, lamba goma sha huɗu a bayanta, da 'yar tuta a ƙirji. Ya duba tutar a waya, ya ga ta Singapore ce. Ya ninke ta, ya cusa a jakarsa. Washegari abokin aikinsa ya ce wani mutum ya zo cigiyar jar riga, har idonsa ya kawo ruwa. Kudus ya ce shi bai ga komai ba.

Ranar Lahadi ya nuna wa 'yan ƙungiya hotonta a waya.

"Kun ga wannan? Lokacin da nake buga wa Ghana ta 'yan ƙasa da shekara ashirin, mun kara da Singapore. Bayan wasa ɗan wasansu ya roƙe ni mu yi musanyen riga."

Ya yi lissafinsa sarai. Wa zai je Singapore ya tambayo? A duk Bronx wa ma ya taɓa ganin mutumin can? Aka yi ta jinjina kai, aka ɗaura masa ƙyalle.

Ana nan, sai wani baƙo ya fara zuwa fili. Gajere ne, fari-fari, yana ɗan ɗingishi in ya gaji. A masallaci Amadou, wani direban tasi ɗan Zinder, ya haɗu da shi ya jawo shi. Sunansa Zaid, yana aiki a wani wurin gashin ƙashi. Alhaji Muniru, dattijo mai shago wanda ke saya wa ƙungiya riguna, yana ganinsa ya ce, "A'a, ɗan Indonesiya! Irinku muka yi ɗawafi da su a Makka, mutanen kirki." Zaid ya buɗe baki zai gyara, aka busa usur. Shi ke nan suna ya bi shi, Ɗan Indonesiya. Shi kuma ba mai yawan magana ba ne, ya bar su a haka.

Ƙungiyar tana da al'ada: duk sabon shiga, wata guda yana wanke riguna, yana ɗaukar raga. Zaid ya yi nasa, har guga ya riƙa yi musu, abin da ba wanda ya taɓa yi.

Matsalar ta fara ne ranar da ya taɓa ƙwallo. Ba ya gudu sosai, ba ya ihu. Sai dai ƙwallo ta zo masa ta kwanta kamar ta san shi, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ajiye wa mutum ita a ƙafa. Amadou, wanda shekara biyu bai ci ko ɗaya ba, ya ci uku a wata guda. Aka daina kiran "Kyaftin, ba ni!" aka koma "Ɗan Indonesiya, nan!"

Hassada ta turnuƙe Kudus. In ya ga Alhaji ya dafa kafaɗar Zaid, ranar ko waken da ya saya ba ya shiga. Ya koma halinsa na tsiya. Ya zuba masa yaji a gorar ruwa. Zaid ya kurɓa, ya yi murmushi, ya ce a garinsu wannan na yara ne. Ranar wani wasa mai muhimmanci ya tura masa saƙo cewa an mai da fili Park Hill, can Staten Island. Bawan Allah ya hau jirgin ƙasa, ya hau jirgin ruwa, ya hau bas, ya tarar ba kowa. Ya juyo, ya iso ana saura minti ashirin, ya shiga ya ci biyu. Da aka tashi ya ce wa Kudus da Turanci, "Na gode, ɗan'uwa. Ban taɓa ganin garin nan daga kan ruwa ba."

Wannan godiyar ta fi zagi ciwo.

Sai gasar unguwannin 'yan Afirka ta ƙarshen watan Agusta ta matso. Alhaji Muniru ya ce ranar Lahadi bayan la'asar zai faɗi wanda zai ɗaura ƙyallen kyaftin a gasar. Kowa ya san inda hankalin Alhaji ya karkata. Kudus ma ya sani.

Ya ce a ransa, hoto ya daina aiki, bari a ga zahiri. Ya ciro jesin daga ƙasan akwati, ya goge ta, ya sa a leda.

Ranar Lahadi an idar da salla a gefen fili, mutane na zaune a kan ciyawa, sai Kudus ya miƙe ya warware ta. Ja jawur, tana ɗaukar ido.

Zaid ya ƙura mata ido, fuskarsa ta canza. Ya taso a hankali, ya matso kusa da kunnen Kudus.

"Ɗan'uwa, mai da ita cikin leda. Zo mu yi magana a gefe, mu biyu."

Jama'a, nan fa Allah ya buɗe wa Kudus ƙofar fita. Amma mai hassada gani yake kowa irinsa ne. Ya ɗaga murya.

"Chale, 'yan'uwa, kun ji shi? Wai in ɓoye! Ta tsone maka ido ko? Wannan ba ƙwallon Lahadi ba ce, abokina, ta ƙasa da ƙasa ce."

Zaid ya koma ya zauna.

Alhaji Muniru ya ce, "To Kudus, ba mu labarin mai rigar."

"Alhaji, wani ɗan tsurut ne, kamar a hure shi ya faɗi. Na yanka shi hagu, na yanka shi dama, ya zauna daɓas a ƙasa. Bayan wasa ya biyo ni yana cewa, maigida, taimake ni da rigarka in nuna wa uwata. Tausayinsa na ji."

Aka kwashe da dariya. Zaid bai yi ba.

Amadou kuwa daɗi ya cika shi, ya ciro waya. "Mon frère, ɗan'uwana, irin wannan wasa dole akwai shi a intanet. Bari in nemo mu gan ka kana yanka shi."

"Bar shi, tsohon wasa ne, ba a ɗauka ba."

"Ai ko hoton mutumin ma gani." Ya rubuta sunan ƙasar da lambar. Ya dubi waya, ya dubi Zaid. Ya sake duban waya. "La ilaha illallahu. Alhaji, karɓi ka gani."

Alhaji ya gyara tabarau. Ga 'yan wasa a jere cikin jajayen riguna, hannu a ƙirji. Na uku daga dama, lamba goma sha huɗu, gashi ya fi na yanzu yawa, amma fuskar ita ce.

"Ɗan Indonesiya, wannan ba kai ba ne?"

"Ni ne, Alhaji. Singapore ce ƙasata. Na so in faɗa tun ranar farko."

Da aka matsa masa, ya faɗi kaɗan. Yana da shekara goma sha bakwai ya fara da wata ƙaramar ƙungiya a garinsu. Ya ajiye takalmi shekara biyu ya yi aikin soja, kamar yadda ake wa samarin ƙasarsu. Ya dawo ya buga a gida, ya buga a Malesiya, ya yi kaka biyu a Tailan. Ƙasarsa ta kira shi sau talatin da ɗaya, kafin gwiwa ta ƙare masa wasa.

Kudus bai saduda ba. "To sai me? Lamba goma sha huɗu shi kaɗai ya taɓa sa ta?"

Zaid ya ce, "Alhaji, juya wuyan rigar ta ciki."

Alhaji ya karɓa ya juya. Ga wani ɗan ɗinki da koren zare, na hannu, a karkace.

"Ita na sa ranar da na fara buga wa ƙasata. Alamar wuyan tana cizona, mahaifiyata ta cire ta, ta ɗinke wurin da zaren da ke hannunta. Ta rasu kafin in taso zuwa ƙasar nan. Shekara biyu ke nan na manta rigar a gidan wankin da ke kan tudu. Sau huɗu ina komawa."

Kowa ya san wanda ke aiki a gidan wankin kan tudu. Kowa kuma ya tuna abin da Kudus ya ce game da uwar mai rigar.

Alhaji ya ce, "Kudus, miƙa masa da hannu biyu."

Ya miƙa, idonsa a ƙasa. Zaid ya karɓa ya kifa fuskarsa a cikinta, ya daɗe bai ɗago ba.

Alhaji ya ce wa Kudus, "Ƙyallen ma kwance."

Ya kwance. Amadou ya ce a kore shi daga ƙungiya, wasu suka goyi baya. Zaid ne ya ce a'a, a bar shi, yana da gudu, in ya rage surutu zai yi amfani a gefen dama.

Alhaji ya ce, "An bar shi. Amma wankin riguna na shekara guda nasa ne, da ɗaukar raga."

Kudus ya ɗan ji sanyi, tunda inji na wurin aikinsa.

"Da hannu," in ji Alhaji. "Inji ne ya jawo mana wannan."

Riga ashirin da biyu, jama'a, da safa. Masu turo mini saƙo kuna tambayar me ya sa hannuwana suka yi fari kwanan nan suna warin sabulu, ku ji da abin da ya dame ku.

Darasi: Hassada tana toshe kunne, har wanda ya zo rufa maka asiri ka ɗauke shi maƙiyi. Kada ka yi ado da gumin wani, kuma kada ka raina mai shiru, ba ka san filayen da ya taka ba. In ka ga wanda ya fi ka, matsa kusa ka koya. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku, musamman wanda kuka san yana da tasa jesin a ƙasan akwati.